Ina Zafin Rana Yake Tafiya?

1. Rairayi da garka

Agadas babban gari ne a arewacin Nijar, a gindin duwatsun Abzin. Gabas da shi akwai hamadar Tenere. Ruwan sama kaɗan ne a can. A yawancin shekaru ba ya kai milimetir 200, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Sauran watanni sama garau take, sai fa in ƙura ta taso.

Sau biyu a shekara, a farkon Mayu da farkon Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kan garin. A waɗannan kwanaki, da tsakar rana, inuwar hasumiyar babban masallaci, mai tsawon metir 27, takan koma gindinta. A watan Mayu zafin iska cikin inuwa yakan wuce digiri 40. Rairayin da rana ta buga kuwa yakan wuce digiri 60. Ba mai iya taka shi ba takalmi.

Ƙoramar Telwa ta gangaro daga Abzin, ta bi ta Dabaga da Azel, ta wuce ta gefen gari. A bakinta akwai garake na albasa da tumatir da alkama da tafarnuwa. Wanda ya baro rairayi ya shiga garka, nan take yakan ji sauƙi. Ƙasar fangali ba ta ƙona ƙafa. Ganyen albasa ba ya ƙona hannu. Alhali rana ɗaya ce take bisa rairayi da garka, kuma tsakaninsu bai fi taki goma ba.

Dalili shi ne, ƙarfin da rana take aikowa ba ya zama wuri guda. Da ya iso ƙasa sai ya rabu kashi-kashi. Yadda yake rabuwa bisa rairayi dabam, yadda yake rabuwa cikin garka dabam. Wanda ya iya ƙiyasta wannan rabo yana iya sanin yawan ruwan da mai garka zai ja daga rijiya kowace rana.

2. Abin da rana take aikowa

Tsakanin rana da duniya kilometir miliyan 150 ne. Haskenta yana yin minti 8 a hanya. Hasken nan ƙarfi ne, wato makamashi. Ana auna shi da ma'auni mai suna wat, irin wanda ake rubutawa jikin ƙwan lantarki.

Don a yi awo daidai, akan ɗauki fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1. Sunansa metir murabba'i. Can sama, inda iska ta ƙare, kowane metir murabba'i da ya fuskanci rana yana samun wat 1361. A kan hanyar saukowa, iska da ƙura da gajimare suna tare wani kashi. A Agadas, ranar da sama take garau, abin da yake isowa ƙasa da tsakar rana ya kai wajen wat 1000.

Da safe da marece ƙarfin ba ya kai haka, don hasken yana zuwa a karkace. In aka tara na wuni duka, akan samu kilowat-awa 6 zuwa 7 a kowane metir murabba'i. Kilowat-awa ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa guda.

3. Abin da yake komawa sama

Ƙasa ba ta riƙe duk abin da ya zo mata. Tana maida wani kashi ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce ƙyalli. Abu mai haske yana maida hasken rana kamar madubi. Abu mai duhu yana shanye shi. Farin rairayin Tenere yana maida fiye da kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya faɗo masa. Shi ya sa yake kashe ido. Ganyen shuka yana maida wajen kashi ɗaya cikin biyar. Baƙaƙen duwatsun Abzin ba su maida ko da haka. Masana suna kiran wannan kashi albedo.

Hanya ta biyu ita ce hucin zafi. Duk abin da ya ɗau zafi yana fitar da wani irin haske wanda ido ba ya gani, amma fata tana jin sa. Wanda ya tsaya kusa da katanga bayan magariba yakan ji hucinta a fuska, ko bai taɓa ta ba. Ƙasa tana aika irin wannan huci sama dare da rana. Sama ita ma tana maido wani, amma bai kai wanda ya tafi ba. Gwargwadon zafin ƙasa, gwargwadon hucin da take fitarwa.

In aka cire ƙyalli, aka cire asarar huci, abin da ya saura shi ne ragowar ƙarfi. Ita ce ake rabawa.

4. Magada uku

Ragowar ƙarfi kamar gado ce mai magada uku: iska, ƙasa, da ruwa.

Rabon iska. Iskar da ta taɓa ƙasa mai zafi takan ɗau zafi, ta yi sauƙi, ta hau sama. Wata mai sanyi ta maye gurbinta, ita ma ta ɗauka ta hau. Haka zafi yake kwarara daga ƙasa zuwa iska. Ana ce da shi zafin fili, don jiki yana jin sa, ma'aunin zafi kuma yana nuna shi. Ana ganin alamarsa da ido. Da tsakar rana iska takan yi rawa bisa hanya. Kawalwalniya takan bayyana kamar tafki. Ƴar guguwa takan taso ta naɗe ƙura da kara. Shirwa da ungulu sukan hau wannan iska su yi ta shawagi ba su kaɗa fiffike ba.

Rabon ƙasa. Wani zafin yana nutsewa cikin ƙasa. Tafiyarsa a hankali take, kuma ba ta da nisa. In aka tona rairayi tsawon hannu, za a taras cikinsa da sanyi. A zurfin santimetir 50 kusan ba bambanci tsakanin dare da rana. Shi ya sa gafiya da ƙadangare da kunama suke shiga rami. Wannan zafi ajiya ne. Ƙasa tana karɓa da rana, tana maidowa da dare.

Maginan Agadas sun daɗe da sanin wannan. Tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ginin ƙasa ne mai kaurin bango. Zafi yana yin awoyi da yawa kafin ya ratsa bangon. Da rana ɗaki yana da sanyi. Da dare bango yana sakin ajiyarsa. Lokacin ɗari abin yana da daɗi. Da bazara kuwa mutane sukan fito su kwana a tsakar gida.

Rabon ruwa. Kafin ruwa ya zama tururi ya bi iska, sai ya ci ƙarfi mai yawa. Litir ɗaya yana cin wajen kilowat-awa 0,7. Wannan ya fi ninki biyar na ƙarfin da ake bukata a ɗauki litir ɗaya mai sanyi ƙarara a kai shi ga tafasa. Ƙarfin da ya shiga tururi ba ya ƙara wa wurin zafi. Ma'aunin zafi ba ya nuna shi. Don haka ake ce da shi ɓoyayyen zafi. Tururi yana tafiya da shi sama, ba ya sakin sa sai ranar da ya koma ɗigon ruwa cikin gajimare.

Kowa ya san aikin ɓoyayyen zafi. Randa tana tsatsafo, ruwan jikinta ya bi iska, na ciki ya yi sanyi. Salkar da makiyayi ya rataya haka take aiki. Zufa ma haka take sanyaya jikin mutum. Shuka ita ma tana zufa. Saiwa tana jan ruwa, ruwan ya hau kara, ya fita ta ƴan ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye. Wannan ya sa ganye yake da sanyi cikin rana.

Masu gishiri da wannan rabo suke cin abinci. A Tegidda-n-Tesemt, arewa da Ingal, ana zuba ruwan gishiri cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka. Rana tana ɗauke ruwa, gishiri ya zauna. Kantun da ayarin raƙuma yake ɗaukowa daga Bilma da Fashi shi ma rana ce ta ƙafar da ruwansa.

Akwai wani ɗan kashi da ganye yake riƙewa don haɗa abincin shuka. Bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, don haka ba a sa shi cikin lissafi.

5. Lissafin rabo

Ƙarfi ba ya ɓacewa, kuma ba ya fitowa daga babu. Saboda haka:

ragowar ƙarfi = rabon iska + rabon ƙasa + rabon ruwa

Ga misali biyu na tsakar rana da bazara. An daidaita adadin don sauƙin lissafi, amma sun yi kusa da abin da akan samu a irin waɗannan wurare. Duka wat ne a metir murabba'i.

Busasshen rairayi:
Abin da ya iso: 1000
Ƙyalli: 350
Asarar huci: 200
Ragowar ƙarfi: 1000 − 350 − 200 = 450
Rabon ƙasa: 110
Rabon iska: 320
Rabon ruwa: 20

Garkar da ta sha ruwa:
Abin da ya iso: 1000
Ƙyalli: 200
Asarar huci: 100
Ragowar ƙarfi: 1000 − 200 − 100 = 700
Rabon ƙasa: 75
Rabon iska: 125
Rabon ruwa: 500

A lura da abu guda. Garka ta fi rairayi shan ƙarfin rana: 700 a kan 450. Duk da haka ta fi shi sanyi. Dalili shi ne ruwa ya kwashe kashi mafi tsoka. A kan rairayi ba ruwan da zai karɓi rabonsa, sai iska da ƙasa suka raba kusan duka. Ashe ruwa shi ne mai yanke hukunci cikin wannan rabo.

Da dare lissafin yana juyawa. Ba abin da yake isowa, amma ƙasa tana ta aika huci sama. In ba gajimare, iska kuma busasshiya ce, ba abin da zai tare shi. Shi ya sa daren Janairu a Agadas yakan sauko wajen digiri 10. Bisa dutsen Bagzam, wanda ƙololuwarsa ta haura metir 2000, ruwa yakan daskare wani lokaci.

6. Yadda ake aunawa

Ragowar ƙarfi tana da sauƙin awo. Akwai na'ura mai ido biyu, ɗaya yana duban sama, ɗaya yana duban ƙasa. Tana cire mai tafiya daga mai zuwa. Rabon ƙasa kuwa, akan binne wani ɗan faifai cikin ƙasa, ya auna zafin da yake ratsa shi. Mai wuya shi ne a raba na iska da na ruwa, don dukansu cikin iska suke tafiya.

A 1926 wani masani ɗan Amurka, Ira Bowen, ya nuna wata dabara. A auna zafin iska da laimarta a wuri biyu, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya sama da shi. In bambancin zafi ya yi yawa, na laima kaɗan, iska ce take cin kashi babba. In bambancin laima ne ya yi yawa, ruwa ne yake ci. Daga nan ake samun adadi guda: rabon iska in aka raba shi da rabon ruwa. Ana kiransa adadin Bowen.

A misalin rairayi, 320 ÷ 20 = 16. A misalin garka, 125 ÷ 500 = 1/4. Babban adadi alamar wuri busasshe ne. Ƙarami alamar wuri mai laima ne.

Da wannan adadi ana iya gama lissafi. A garka, ragowar ƙarfi 700 ce, ƙasa ta ɗauki 75, saura 625. Adadin Bowen 1/4 ne: in iska ta ɗauki kashi 1, ruwa ya ɗauki 4. Kashi 5 ke nan. 625 ÷ 5 = 125. Iska ta samu 125, ruwa ya samu 125 × 4 = 500.

Yanzu akwai na'urori masu sauri da ake ɗaurawa bisa dogon ƙarfe. Suna auna hawa da saukar iska, da zafinta, da laimarta, sau 10 ko 20 cikin daƙiƙa guda. Ko da su, in aka tara kason uku, sau da yawa yakan gaza ragowar ƙarfi da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Wannan ya sa masana suke cewa ƙiyasi, kuma suke gwada hanya biyu ko uku su kwatanta.

An yi manyan ayyuka na irin wannan awo a Nijar. A 1992 masana daga ƙasashe da yawa suka taru a yankin Yamai, cikin wani aiki mai suna HAPEX-Sahel. Sun auna rabon ƙarfin rana bisa gonakin hatsi, da saura, da daji, a fili mai faɗin wajen kilometir 100. A 2006 wani aikin mai suna AMMA ya yi awo mai yawa a Afirka ta Yamma, har da ƙauyen Wankama a gabas da Yamai. Awon ya nuna yadda rabo yake canzawa da sauri. Washegarin ruwan sama, rabon ruwa yakan yi tsalle. Bayan kwana biyu ko uku fuskar ƙasa ta bushe, iska ta sake karɓe kasonta, sai fa inda saiwar shuka take jawo ruwa daga ƙasa.

Tun kafin haka Nijar tana da masanin ƙarfin rana. Shi ne Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Daga 1969 ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana mai suna ONERSOL, inda aka ƙera tukunyar dahuwa da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da rana. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

7. Awo daga sama

Ba a iya kafa na'ura a kowace garka ta Abzin. Nan ne tauraron ɗan'adam yake taimakawa. An harba Landsat na farko a 1972, Meteosat na farko a 1977, kuma magadansu suna nan suna aiki. Suna auna ƙyallin ƙasa, da korenta, da zafin fuskarta.

A 1998 wani masani ɗan Holand, Wim Bastiaanssen, da abokan aikinsa suka bayyana wata hanyar lissafi mai suna SEBAL. Cikin hoton tauraro akan nemi wuri mafi zafi da wuri mafi sanyi. A mafi zafi, kamar busasshen fili, akan ɗauka ruwa bai samu kome ba. A mafi sanyi, kamar garkar da ta ƙoshi, akan ɗauka ruwa ya kwashe kusan duka. Sauran wurare suna tsakani, kowanne gwargwadon zafinsa. In an san ragowar ƙarfi, da rabon ƙasa, da rabon iska, abin da ya saura na ruwa ne. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a Yamai a 1974, tana amfani da hotunan tauraro don bin halin damana da na shuka a ƙasashen Sahel.

8. Lissafin mai garka

Ruwa mai zurfin milimetir 1 bisa metir murabba'i ɗaya, litir 1 ne. Da wannan ana iya juya ƙarfin rana ya koma litir.

A wuni mai rana sosai, ragowar ƙarfi cikin garka takan kai kilowat-awa 4 a metir murabba'i. Ba a lissafa rabon ƙasa, don abin da ta karɓa da rana ta maido da dare. A ce ruwa ya ɗauki 3,5. Litir ɗaya yana cin 0,7. To 3,5 ÷ 0,7 = 5. Kowane metir murabba'i ya rasa litir 5 ke nan.

Garka mai tsawon metir 50 da faɗin metir 20 tana da metir murabba'i 1000. Tana bukatar litir 5000 kowace rana, wato tano 25 mai cin litir 200.

Da bazara bukatar takan fi haka. Garkar Abzin tsibiri ce cikin hamada. Iskar da ta ɗau zafi bisa rairayi tana kaɗowa ta shiga cikin shuka. Ganye ya fi ta sanyi, sai ta zuba masa zafinta. Wannan ƙarin ƙarfi shi ma ruwa yake ci. Asara takan kai litir 7 ko 8 a metir murabba'i, wato tano 40 ga wannan garka. Ban da wanda yake nutsewa cikin magudana kafin ya kai fangali.

A kwatanta da ruwan sama. Shekarar da aka samu milimetir 150, kowane metir murabba'i ya samu litir 150. Garka mai shan litir 5 a rana, kwana 30 za ta cinye shi. Ashe garka ba da ruwan da ya sauka a kanta take rayuwa ba. Ruwan da ya sauka bisa duwatsu ne yake taruwa, ƙorama ta kawo, ya nutse cikin rairayin gindinta, ya cika rijiyoyi. Ajiya ce mai iyaka.

Da can sa ko raƙumi ne yake jan wasaki daga rijiya, da dabarar da Abzinawa suke kira tekarkart. Ruwan da ake ja bai wuce ƙarfin dabba ba. Yanzu injin ban ruwa ya yawaita, garake sun ƙaru, albasar Abzin tana zuwa kasuwanni masu nisa. In abin da ake ja ya fi abin da ƙorama ta kawo, rijiya tana yin ƙasa. Sai a ƙara mata zurfi, a ƙara sayen mai, wata kuma ta ƙafe tun albasa ba ta ƙosa ba. In kuma aka rage ruwa fiye da kima, gishirin da tururi ya bari yakan taru bisa fangali, kamar yadda yake taruwa a ramukan Tegidda, ƙasa ta lalace.

Ruwan da ya bi ta jikin shuka ba asara ba ne, da shi take girma. Asara ita ce wanda ya tashi daga tsirarar ƙasa da magudana. Mai garka yana iya rage ta. Yana rufe ƙasa da ciyawa ko kara. Yana yin shinge da kaba, ya shuka itatuwa ta gefen da iska take fitowa. Yana ban ruwa da sassafe ko da marece. Yana kai ruwa da bututu maimakon buɗaɗɗiyar magudana. Yana kuma daidaita faɗin shukarsa da ƙarfin rijiyarsa tun kafin bazara ta shigo.

9. Rabo da damana

Rabon iska shi ma yana da aiki babba. Da bazara iskar da ta ɗau zafi bisa Sahara takan hau har kilometir 4 ko 5. Hawanta yana jawo iska mai laima daga teku, ta kudu maso yamma. Ita ce take kawo damana. Masana sun kuma gano cewa a Sahel hadari yakan so ya fara haɗuwa bisa busasshen fili da ke maƙwabtaka da wanda ya jiƙe.

Bayan farin 1973, wani masani mai suna Jule Charney ya ce a 1975: in ciyayi suka ƙare, ƙasa ta yi fari, ƙyalli zai ƙaru, ragowar ƙarfi ta ragu, ruwan sama ya ja baya. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa canjin zafin tekuna shi ne babban dalilin farin 1973 da na 1984. Amma halin ƙasa yana iya ƙara wa fari tsanani. Itace da ciyawa suna canza rabo, don haka kiyaye su kiyaye ruwa ne.

10. Gwaje-gwaje

Na farko. A samo kwano biyu iri ɗaya, a cika su da rairayi. A jiƙa ɗaya, a bar ɗaya busasshe. A ajiye su cikin rana awa biyu. A auna zafin fuskar kowanne.

Na biyu. A samo ma'aunin zafi biyu. A naɗe bakin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle. A rataye su cikin inuwa inda iska take kaɗawa. Bayan minti 10 a karanta. Yawan bambancinsu shi ne alamar bushewar iska.

Na uku. A zuba ruwa cikin faffaɗan faranti mai miƙaƙƙen gefe. A auna zurfinsa da safe, a sake aunawa washegari da safe. A kare shi daga tsuntsaye da awaki. A yi haka a fili, a yi a inuwa, a yi bayan shinge. Ruwan faranti ya fi na garka saurin tashi. Ma'aikatan awon yanayi, masu amfani da babban faranti mai faɗin santimetir 120, sukan ɗauki wajen kashi 7 cikin 10 na abin da ya nuna.

Na huɗu. A tona rami mai zurfin santimetir 50. A auna zafi a fuskar ƙasa, da santimetir 10, da santimetir 50, ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 2 na rana. A rubuta cikin jadawali.

Abin riƙewa

Ƙasa tana maida wani kashi na ƙarfin rana ta ƙyalli da huci. Ragowar tana rabuwa tsakanin iska da ƙasa da ruwa. Inda akwai ruwa, shi yake ɗaukar kashi babba, wurin ya yi sanyi. Inda babu, iska da ƙasa suke ɗauka, wurin ya yi zafi. Litir 1 yana cin kilowat-awa 0,7 kafin ya zama tururi.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi biyu ƙasa take maida ƙarfin rana sama?
2. Me ya sa ake ce da rabon ruwa ɓoyayyen zafi?
3. Garka ta fi rairayi shan ƙarfin rana. Me ya sa ta fi shi sanyi?
4. Me ya sa ɗakin ƙasa yake da zafi da dare lokacin bazara?
5. Daga ina ruwan rijiyoyin bakin Telwa yake zuwa?

Aikin lissafi

1. Wat 900 sun iso. Ƙyalli 180 ne, asarar huci 120. Nawa ce ragowar ƙarfi?
2. Ragowar ƙarfi 600 ce. Ƙasa ta ɗauki 60, iska ta ɗauki 180. Nawa ne rabon ruwa? Nawa ne adadin Bowen?
3. Garka tana da tsawon metir 40 da faɗin metir 15. Ruwa ya ɗauki kilowat-awa 4,2 a metir murabba'i cikin wuni. Litir nawa garkar ta rasa? Tano nawa ke nan?
4. Rijiya tana ba da litir 4200 a rana. Da bazara kowane metir murabba'i yana shan litir 7. Metir murabba'i nawa ya kamata mai garka ya shuka?